Fijo 504 Ta Kaduna: Motar Da Ta Yi Mana Hidima, Yau Muna Auna Ta A Sikeli



A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da idan aka ba mutumin Misau ko Azare labarinta zai iya ɗauka zolaya ce. Mutum zai sayi tsohuwar motar da ta shekara hamsin a ajiye, ta yi tsatsa, tayoyinta sun nutse a ƙasa, ya kwance ta noti bayan noti, ya shafe shekaru yana zuba mata kuɗi. Burinsa guda ɗaya ne, ya mayar da ita daidai yadda take ranar da ta fito daga kamfani. Kalar fentin da kamfani ya yi mata ita zai yi, irin yadin kujerar da aka sa mata shi zai nemo, kuma injin da ta zo da shi shi zai tayar, ko da sabo ya fi shi araha.

Mu ma muna da motar da ta cancanci irin wannan kulawa, wato Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Tarihinta da na waɗancan motocin na Amurka sun haɗu a wuri guda, kamar yadda za mu gani.

MOTOCI MASU ƘWANJI

Motocin da Amurkawa suka fi yi wa wannan hidima su ne waɗanda suke kira motoci masu ƙwanji. Zamaninsu gajere ne, bai wuce shekara goma ba. Ana danganta farkonsa da shekarar 1964, lokacin da kamfanin Pontiac ya ɗauki babban inji mai silinda takwas, mai girman lita 6.4, ya dasa shi a cikin matsakaiciyar mota, ya sa mata suna GTO. Matasa suka yi mata rububi, sauran kamfanoni suka shiga tsere. Dodge ya fito da Charger, Plymouth ya fito da Road Runner da Cuda, Ford kuma ya ƙara wa Mustang manyan injuna. Zuwa 1970 Chevrolet ya fitar da Chevelle mai inji lita 7.4 da ƙarfin doki 450.

Abin da ya raya su shi ne arahar fetur, domin shan mai suke yi kamar raƙumi a bakin rijiya. Daga 1970 abubuwa suka fara juya musu baya. Gwamnatin Amurka ta tsaurara dokar hayaƙi, kamfanonin inshora suka ɗaga kuɗi a kan motoci masu gudu. Sai kuma a watan Oktoba 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka mai saboda yaƙin da aka yi da Isra'ila. Cikin 'yan watanni farashin gangar mai ya ninka kusan sau huɗu. Aka shiga layin mai, masu waɗannan motoci suka riƙa rabuwa da su a kan ko nawa ne, wasu suka tura su rumbun gona suka rufe.

Waɗanda suka tsira su ne yau ake nema ruwa a jallo. A 2014, a birnin Seattle, an yi gwanjon wata Plymouth Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan uku da rabi. Abu biyu ne suka ba ta wannan daraja. Irinta da aka ƙera a wannan shekara ba su wuce goma sha biyu ba, sannan lambar da ke jikin injinta ta dace da lambar motar, alamar cewa shi ne injin da kamfani ya sa mata tun farko. A wurinsu wannan dacewar lamba ita ce komai. Mai gyara yakan ɗaga kujera ko ya sauke tankin mai yana laluben 'yar takardar da ma'aikatan kamfani suka cusa a wurin, wadda ke ɗauke da bayanin duk abin da aka sa wa motar. Idan ya same ta, ya sami shaidar haihuwarta.

MAN DA YA KASHE NASU SHI YA KAWO TAMU

Tashin farashin man nan da ya durƙusar da motocin Amurka shi ne ya cika baitulmalin Najeriya. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa kan albashin ma'aikata, a 1975 aka biya ƙarin tare da ariyas. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da akawu suka sami kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. Wasu suka sayi rediyo da keke, wasu babur, manyan ma'aikata kuma suka karɓi rancen mota.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta riga ta shirya cewa a riƙa haɗa motoci a cikin gida. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wanda aka fi sani da PAN, a watan Disamba 1972, aka buɗe masana'antarsa a Kakuri da ke Kaduna a watan Maris 1975. A Legas aka kafa na Volkswagen. Manyan motoci kuma aka rarraba su: Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Mercedes a Enugu, na Fiat a Kano, mu kuma a Bauchi aka ba mu Steyr na ƙasar Austriya, mai haɗa tarakta da manyan motoci, wanda ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1970, jim kaɗan bayan an ƙirƙiro jihar a watan Fabrairu 1976.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A 1975 tashar jiragen ruwan Legas ta cushe da ɗaruruwan jiragen siminti, kaya kan yi watanni ba a sauke ba. Saboda haka sai aka riƙa ɗauko sassan Peugeot ta sama, jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suna tasowa daga birnin Lyon na Faransa suna sauka a Kano, daga nan a loda a manyan motoci zuwa Kaduna. Ke nan da yawa daga cikin motocin farko da aka haɗa a Kakuri ta filin jirgin Kano suka shigo ƙasar nan, a wargaje cikin akwatuna.

Ita 504 an fara fitar da ita a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Idan aka jera ta da na Amurka ba ta da wani ƙwanji, domin silinda huɗu gare ta, injin da muka fi sani bai cika lita biyu ba, ƙarfinsa kuma bai kai doki ɗari ba. Ƙarfinta a ƙafafu yake da juriya. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, tayoyin baya ne ke tura ta, tana shanye gargada, kuma injinta ba shi da wata kwamfuta, duk makaniken da ya iya riƙe sifana zai iya tayar da ita a gefen hanya. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, wadda ta yi suna wajen karya motoci. Bayan rasuwar Janar Murtala, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, 504 ta zama motar gwamnati tun daga manya har zuwa ƙananan hukumomi.

HIDIMARTA A ƘASAR MISAU DA KATAGUM

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san matsayin Fijo a yankinmu. Gajeriyar ita ce ta shugaban ƙaramar hukuma da hakimi da babban ɗan kasuwa. Doguwar, mai layin kujeru uku, ita ce sarauniyar tasha. Ita ke ɗaukar fasinja daga Misau zuwa Azare, daga Azare zuwa Kano ko Potiskum, ita ke bi ta Kari da Darazo ta shiga Bauchi. An yi ta don mutum bakwai, amma mun san yadda 'yan kamasho ke yi, biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya, ga kaya a but har murfin ya ƙi rufuwa sai an ɗaure da igiya.

Akori-kura kuwa, tun daga 404 har zuwa 504, ita ce jakar kasuwannin ƙauye. Buhunan gero da wake da gyaɗa daga Hardawa da Akuyam da Dambam da Giaɗe, awaki da tumaki, 'yan kasuwa a zaune a kan kaya, duk ita ke ɗauka. Da Fijo aka kai amare ɗakunansu, da ita aka garzaya da masu naƙuda asibitin Azare cikin dare, da ita aka raka maniyyata, da ita aka kai yara makarantun kwana da akwatunansu na ƙarfe. Zai yi wuya a sami gida a Misau da ba shi da labari guda da ya shafi wannan mota.

Ta kuma haifar da sana'o'i. Yawancin manyan kanikawan da suke da gareji a garuruwanmu yau a kan Fijo suka koyi aiki. Haka masu walda da masu fenti da masu gyaran lagireto da masu ɗinkin kujera da masu sayar da safaya.

YADDA RANARTA TA FAƊI

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi. Tunda yawancin sassan motar da kuɗin waje ake sayo su, sai farashin sabuwar Fijo ya fi ƙarfin ma'aikaci. Kasuwa ta koma ga motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyom. Sannu a hankali Golf da Sharan da bas-bas na Toyota suka ƙwace tasha. Faransa ta daina ƙera motar 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba har zuwa 2006, wato mu ne na ƙarshe a duniya da muka haɗa ta. A wannan shekarar ce kuma gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta a PAN ga 'yan kasuwa, daga baya bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓi kamfanin a 2012. Kamfanonin taya na Michelin da Dunlop su ma sun rufe masana'antunsu a ƙasar nan a tsakanin 2007 da 2008.

Yau idan kana neman 504 a yankinmu, ka duba bayan gareji, ko ƙarƙashin bishiyar darbejiya a ƙofar wani tsohon gida, ko harabar wata tsohuwar ma'aikata. Kuma kullum raguwa suke yi, domin 'yan gwangwan na zagayawa. Su ba ruwansu da shekarar da aka ƙera mota ko wanda ya taɓa hawanta, nauyi suke saye. A sare ta da wuta, a ɗora a sikeli, a loda a tirela zuwa kamfanin narka ƙarfe. Ba laifinsu ba ne, sana'arsu ce, mu masu sayarwa ne ba mu san abin da ke hannunmu ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

GYARA IRI BIYU NE

Dole a yi wa kanikawanmu adalci. Gyaran da suka iya shi ne na kada mota ta kwana a hanya, kuma a wannan fanni ba su da na biyu. Idan kafireto ya ƙi, a ɗauko na wata mota a daidaita. Idan famfon mai ya mutu, a ɗora galan a kan rufi a ja tiyo. Idan inji na zafi, a cire abin da ke daidaita zafin ruwa a jefar. A ƙara wa akori-kura ganyen sifirin don ta ɗauki lodi, a yi wa doguwa waldar kariya a sama, a cike lotsawa da fila, a shafe da duk fentin da aka samu. Wannan dabara ce ta sa motar da aka yi don shekara goma sha biyar ta yi talatin tana ciyar da iyali.

Sai dai kowane irin wannan gyara yana goge wani abu daga asalin motar. Mayar da mota yadda kamfani ya yi ta wani aiki ne daban, mai tafiya a hankali, kuma ga yadda masu yinsa ke bi.

Na farko, bincike kafin a taɓa sifana. A nemo ƙaramin farantin ƙarfen da kamfani ya maƙala a ɗakin inji, a karanta lambar cesis, a duba lambar da ke jikin inji, a gwada su da abin da ke rubuce a takardun motar. Rasiɗin saye, tsohon lasisi, littafin sabis, tsohuwar lamba mai farawa da BA, hoton da aka ɗauka da motar ranar salla, duk shaidu ne. Ko wurin da sitiyari yake yana ba da labari. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka 404 ɗin da ka gani da sitiyari a dama, akwai alamar ta riga wannan rana shigowa, waɗanda aka haɗa a Kaduna kuwa a hagu nasu yake.

Na biyu, gano kalar asali. Ko sau nawa aka sake wa mota fenti, da wuya mai fenti ya kai ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, ko cikin but, ko bayan allon ƙofa. A nan ake samun kalar kamfani.

Na uku, kwancewa da tsari. A ɗauki hoton kowane sashe kafin a cire shi, a zuba notuna a leda a rubuta inda suka fito. Motoci da yawa a wannan mataki suke mutuwa, an kwance su da zumuɗi, kuɗi ya yanke, yara sun watsar da kayan.

Na huɗu, bodi. A kankare fenti da fila har a ga ƙarfe, a yanke inda ya ruɓe a sa sabon ƙarfe, a buga lotsawa ta miƙe maimakon a cike ta. A nan Allah ya ba mu sa'a, domin busasshen yanayinmu ba ya cin ƙarfe kamar na bakin teku ko na Turai inda ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi. Abin da ranarmu ke ci shi ne roba da leda, wato robobin gilashi da na ƙofa, da saman dashbod, da kujeru.

Na biyar, inji da giya. Idan na asali yana nan, shi ake gyarawa, a sake masa zobba da sauran kayan ciki, a mayar masa da irin kafiretonsa. Duk abin da aka cire aka maye da sabo, a ajiye tsohon, kada a jefar.

Kayan gyara har yanzu ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano, kuma a Panteka ta Kaduna akwai masu hannun da za su ƙera maka abin da ya ɓace. Amma ƙananan abubuwa su ne masu wuya, irin su tambarin zaki, marfin taya, fitilun asali, hannun ƙofa da agogon dashbod. Su ne kuma ake fara zubarwa.

A faɗi gaskiya, aikin yana cin kuɗi da lokaci, kuma a kasuwarmu ta yau mai yinsa ba lallai ya mayar da abin da ya kashe ba. Kada wani ya ji labarin miliyoyin dalolin Amurka ya ɗauka tsohuwar Fijon gidansu za ta yi wannan kuɗi. An ƙera 504 fiye da miliyan uku a duniya. Darajarta a wurinmu ta tarihi ce.

BA KOWACE MOTA AKE GYARAWA BA

Akwai motar da gyara ma ɓata ta zai yi. Mercedes ɗin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da ramukan harsasai a jikinta. Da wani ya toshe su ya yi fenti, da ya shafe abin da ake zuwa gani. A Amurka ma, Mustang ɗin da ɗan wasa Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968 an sayar da ita a 2020 a kan fiye da dala miliyan uku, da tsatsarta da ƙujewarta, ba a sabunta ta ba. Don haka idan mota tana da fentinta na asali, ko tana ɗauke da rubutun wata tsohuwar hukuma a ƙofa, ko kirarin da direba ya sa aka rubuta mata a baya, wankewa da sanyawa a inuwa sun fi sabon fenti.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Kamfanin Peugeot ya buɗe gidan tarihin motocinsa a garin Sochaux tun 1988. Mu da muka fi kowa morar 504, bai kamata a wayi gari jikokinmu sai sun je Faransa kafin su ga irin motar da ta kai kakarsu ɗakin miji ba. Muna adana takubba da sirdi da alkyabbar magabata saboda suna ba da labarin zamaninsu. Motar da aka haɗa a Kaduna da hannun 'yan ƙasa ita ma shaidar wani zamani ce, lokacin da Arewa ke haɗa mota a Kakuri da tarakta a Bauchi.

Ba sai kowa ya yi babban gyara ba. Wanda ke da ita a gida, ko ta gado ce, ya tattauna da 'yan uwa kafin a kira mai sikeli. A ɗaga ta a kan bulo, a rufe ta daga rana da ruwa, a haɗa takardunta wuri guda. Idan sayarwar ta zama dole, a fara neman wanda zai riƙe ta a matsayin mota, in kuma ba a samu ba, a ɗauki hotonta ta kowane ɓangare, a rubuta lambobinta da sunan wanda ya fara sayenta da hanyoyin da ta bi. Masu hali a cikinmu kuma, ko mota ɗaya aka haɗu aka tayar, doguwa ko akori-kura, ta ishi ɗaliban makarantunmu su gani da idonsu.

Abu mafi gaggawa shi ne mutanen. Tsofaffin direbobi da kanikawan da suka san wannan mota ciki da waje, waɗanda daga jin ƙarar inji za su gaya maka abin da ke damunsa, suna nan a Misau da Azare da Jama'are, amma shekaru sun ja. Da tsohuwar zuma ake magani. Matasanmu masu waya a hannu su je su zauna da su, su naɗi bayaninsu, su tambaye su yadda Fijo take ranar da aka kawo ta sabuwa daga Kaduna da leda a kujerunta.

Allah Ya jiƙan direbobi da kanikawanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, Ya tsare mana hanyoyinmu.